INA MARA KUƊI ZAI KAI CIWONSA?



Akwai wata mace da aka ba da labarinta cikin Markus 5:25-34. Ba a faɗa mana sunanta ba, ba a kuwa faɗa mana garinsu ba. An dai ce jini ya yi shekara 12 yana zubar mata. Ta bi masu magani ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karɓi nasa, har abin hannunta ya ƙare ƙaf. Ciwon kuwa yana nan, sai ma ƙaruwa da ya yi.

Ka lura da kyau. Ciwo biyu ne a kan matan nan. Na fari yana cikin jikinta. Na biyu ya shiga gidanta ya cinye dukiyarta. Wanda ya taɓa jinya a ƙauye ya san na biyun nan. Akuya takan tafi, sa'an nan damin gero, sa'an nan keke, wani lokaci har gona ta shiga jingina. Ranar da abin sayarwa ya ƙare, sai mara lafiya ya juya fuska bango ya yi shiru.

Tambayar da muke so ka ɗauka yau ke nan: idan kuɗi ya ƙare, ciwo bai ƙare ba, ina mutum zai nufa? Me kuma Ubangiji yake bukata daga gare mu, mu da muke maƙwabtansa?

GARIN DA HANYOYI SUKA HAƊU

Bari mu duba Gaya, cikin jahar Dosso. Gari ne a bakin kogin Kwara. In ka haye gada ka shiga Malanville ta ƙasar Benin. In ka yi gabas kaɗan ka isa Kamba ta Nijeriya. Allah ya ba ƙasar nan ruwan sama fiye da sauran sassan Nijar. Ga shinkafa a fadama, ga rake, ga rogo, ga kurmin giginya. Amma inda ruwa ya kwanta, nan sauro yake aure. Shi ya sa zazzaɓin cizon sauro ya yi kaka-gida a ƙasar Dandi, yana ɗaukar yara kowace damina. A Gaya ne ma hukuma ta fara ba da allurar rigakafin zazzaɓin nan ga yaran Nijar, cikin watan Satumba na shekarar 2024.

Garin iyaka kuma garin baƙi ne. Akwai direba da yaron mota masu kwana a tasha. Akwai ɗan dako a bakin ruwa. Akwai ɗan ci-rani da ya baro ƙauyensu da buhu ɗaya. Akwai mata masu talla. Lokacin da aka rufe gadar, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin da ya biyo baya, abinci da magani suka yi tsada, masu ci daga gadar da yawa suka rasa aikin yi. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu 2024, amma gadar ta daɗe a rufe bayan haka, mutane suna hayewa da kwale-kwale. Baƙon da ciwo ya kayar a irin wannan gari ba shi da kawu, ba shi da gwaggo. Wa zai ɗauke shi?

Hukuma ta yi ƙoƙari iri-iri a kan kuɗin magani. A shekarar 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, suka shirya cewa mara lafiya ya riƙa biyan wani abu domin kada magani ya yanke a gidan likita. A 1993 aka gwada hanyar a Nijar, cikin gundumar Boboye ta jahar Dosso da gundumar Say. A Say mara lafiya ne kaɗai yake biya ran da ya zo. A Boboye kuwa kowane baligi yana ba da ɗan abu sau ɗaya a shekara, sa'an nan mara lafiya ya biya kaɗan. Aka ga talakawa sun fi zuwa gidan likita inda jama'a duka suka ɗauki kayan tare. Ka riƙe wannan a zuciyarka, za mu komo kansa.

Daga baya, a 2005 aka yafe kuɗin fiɗar haihuwa. A 2006 aka yafe kuɗin awon ciki da na maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Daga 1 ga Satumba 2024 kuma aka rage rabin kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati. Mu gode wa Allah domin waɗannan, mu kuma yi wa mahukunta addu'a. Amma kowa ya sani, wani lokaci kana zuwa a ce maganin ya ƙare, a rubuta maka takarda ka je ka saya. Ga kuɗin kabu-kabu. Ga abincin mai jinya. In aka ce sai Dosso, tafiyar wajen kilomita 150 ce. Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani yana iya samun abin da ake kira inshorar lafiya, watau asusun da ake zubawa kowane wata domin ranar ciwo. Manomi da masunci da ɗan dako kuwa, inshorarsu ita ce akuyar da ke ɗaure a turke.

ƊALIBAN DA SUKA BUƊE ƘOFA

Kada ka zaci wannan damuwa ta ƙasashenmu ce kaɗai. A Amurka, ƙasar da ake yi wa kirari da arziki, mutum wajen miliyan 26 ne ba su da inshorar lafiya a shekarar 2023. Magani kuwa a can yana da tsada ƙwarai. Mutum yana iya zama kusa da babban asibiti mai benaye, amma yana tsoron shiga saboda takardar bashin da za ta biyo shi gida.

To, a birane da yawa waɗansu samari da 'yammata masu koyon aikin likita suka ga wannan, suka ƙi kau da kai. Suka buɗe ɗakunan shan magani na kyauta, su ne kuwa suke tafiyar da su.

Ɗaya daga cikin mafi daɗewa a nahiyarmu yake. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, wani ɗalibin likita mai suna Andrew Kinnear yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya lokacin hutu domin ya sami kuɗin karatu. Aikin ya kai shi Windermere, unguwar bukkokin kwano a gefen birni, inda talauci da ciwo suka yi yawa. Abin da ya gani ya hana shi sakewa. Ya nemi taimakon wata likita mai suna Golda Selzer, ya tara 'yan'uwansa ɗalibai, suka buɗe ɗakin shan magani a shekarar 1943. Daga nan ne ƙungiyar da ake kira SHAWCO ta tsiro. Aikin ya wuce shekara 80 ke nan. Ɗalibai sukan gama karatun yini, da yamma su shiga motocin da aka mai da su ɗakin duba marasa lafiya, su nufi unguwannin talakawa.

A Amurka irin wannan aiki ya fara yaɗuwa wajen ƙarshen shekarun 1960. A 1997 ɗaliban jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, tare da malamarsu likita Ellen Beck, suka fara nasu. Ka san inda suka fara? A cikin ginin wata majami'a, a daren da ake ciyar da marasa gida. Ikkilisiya ta ba da ɗaki, ɗalibai suka kawo hannu, likita ta kawo sani. Binciken da aka buga a 2014 ya nuna makarantun likita fiye da 100 a Amurka suna da irin waɗannan ɗakuna.

A ƙasashenmu ma ɗaliban likita sukan fita ƙauyuka lokacin hutu su duba mutane kyauta, ƙungiyoyin Kirista da na Musulmi duka. Muna da makarantun likita a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Sakkwato, da Zariya, da Parakou. 'Ya'yanmu ne suke cikinsu.

YADDA SUKE YIN AIKIN

Yana da kyau ka san tsarin, gama a cikin tsarin nan hikimar take.

Yawanci sau ɗaya ko sau biyu a mako ake buɗewa, da yamma ko ran Asabar. Mara lafiya ya shigo, ba a tambayarsa kuɗi. Ƙaramin ɗalibi ya rubuta sunansa, ya auna zafin jikinsa da ƙarfin bugun jininsa. Babban ɗalibi ya zauna da shi, ya saurari labarin ciwon tun daga farko, ya duba shi. Sa'an nan su tafi wurin cikakken likita, wanda ya ba da yammacinsa kyauta, su faɗa masa abin da suka gani da abin da suke tsammani. Likitan ya zo ya duba da kansa. In sun yi daidai ya ce daidai ne, in sun kuskure ya gyara. Shi ne yake sa hannu a takardar magani. Babu ƙwaya ɗaya da za ta fita ba da saninsa ba.

Abin da ya fi ƙarfinsu kuwa, ba su riƙe shi. Ba su yin fiɗa, ba su kwantar da mutum. Sukan rubuta masa takarda, su nuna masa asibitin da zai je, su nemo masa hanyar samun sauƙin kuɗi. Inda suka fi amfani shi ne ciwon da yake bukatar a riƙa bibiya, kamar hawan jini da ciwon sukari, irin ciwon da yakan ci mutum a ɓoye shekaru kafin ya kayar da shi rana ɗaya.

Marasa lafiya da yawa sun ce abin da suka fi so a wurin ɗaliban nan shi ne suna da lokacin saurare. Mutumin da ya saba a daka masa tsawa a bakin ƙofa, in ya sami wanda ya ba shi kujera ya kira sunansa, rabin nauyin zuciyarsa ya sauka.

ABINCIN YARO A HANNUN UBANGIJI

Wani zai ce, ɗalibi me ya sani? Gaskiya ne, saninsa bai cika ba. Amma ka karanta Yahaya 6:1-13. Ranar da taron mutum wajen 5,000 suka ji yunwa, Filibus ya yi lissafin kuɗi ya ga ba za su kai ba. Andarawas ya ga wani yaro da gurasa biyar da kifi biyu, shi ma ya raina abin. Yaron bai jira ya girma ya zama mai gidan burodi ba. Abin da ke hannunsa ran nan shi ya miƙa. Ka lura kuma, bai shiga rabawa da kansa ba. A hannun Ubangiji ya sa shi, Ubangiji ya sa albarka, almajirai suka raba bisa ga tsari, mutane suna zaune ƙungiya ƙungiya.

Darasin ke nan, kashi biyu ne. Kada ka raina ɗan abin da kake da shi har ka ɓoye shi. Kada kuma ka ɗauke shi da girma har ka ƙi sa shi ƙarƙashin wanda ya fi ka.

GARGAƊI BIYU

Na fari. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Akwai bambanci mai girma tsakanin ɗalibin da yake aiki a gaban malaminsa da mutumin da ya yi wata uku yana shara a kemis, ya komo ƙauye da sirinji, ya ce shi likita ne. Yara da yawa sun gurgunce saboda allurar da aka soka inda bai kamata ba. Haka kuma maganin da ake talla a kan tire cikin rana a kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, wajen ɗaya cikin goma na magunguna jabu ne ko kuwa marasa inganci. A garin iyaka, inda kaya suke shigowa ta ruwa da ta tudu, sai a ƙara lura. Ba kowane zafin jiki ne na sauro ba. A bari ma'aikacin lafiya ya ɗiga jini ya gwada tukuna. Tausayi marar sani yana iya yin kisa.

Na biyu. Ka tuna da Gehazi cikin 2 Sarakuna sura 5. Na'aman ya haye iyaka daga Suriya yana neman magani, kamar yadda mutane suke haye kogi su zo Gaya ko su tafi Malanville. Allah ya warkar da shi, annabi Elisha kuwa ya ƙi karɓar kome. Sai Gehazi, baran annabin, ya bi shi a guje, ya yi ƙarya ya karɓi azurfa da riguna. Abin da Allah ya bayar kyauta, shi ya mai da shi haja. Kuturtar Na'aman ta koma kansa. Ya ɗan'uwa, in an ba ka gidan sauro ka raba, kada ya kwana a rumfar kasuwa. In an danƙa maka asusun marasa lafiya, kada ka ranci ko dala ɗaya da niyyar za ka mayar. Ubangiji yana gani.

Akwai kuma wani irin kuɗin da ba na aljihu ba. In muka ce wa mara lafiya sai ya shiga majami'armu kafin mu taimake shi, mun sa wa alherin Allah farashi. Yesu ya warkar da kutare goma, ɗaya kaɗai ya komo ya yi godiya, bai kuwa janye lafiyar sauran tara ba (Luka 17:11-19). Ka taimaki Bahaushe da Badande da Bazabarme da Bafillace, Kirista da Musulmi da mai bin al'ada. In ya tambaye ka dalili, ka faɗa masa labarin Mai Cetonka da tawali'u. In bai tambaya ba, aikin hannunka ya riga ya yi magana.

ABU BIYAR DA BASAMARIYE YA YI

Mai yiwuwa kana cewa, mu a ƙauyenmu ba mu da ɗalibin likita ko ɗaya, wannan magana ta shafe mu? Ta shafe ku ƙwarai. Ka buɗe Luka 10:30-37. Mutumin da Yesu ya yaba cikin misalin nan ba likita ba ne. Matafiyi ne da jaki. Luka wanda ya rubuta labarin shi kansa likita ne (Kolosiyawa 4:14), ya kuwa jera mana abin da mutumin ya yi daki-daki.

1. Ya gani, ya matsa kusa. Firist da Balawe ma sun gani, amma suka ratse. Ke uwargida, ku 'yan zumuntar mata, ku ne kuke shiga gidajen da maza ba su shiga. Ku koyi alamun haɗari. Yaron da yake jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da kome, ko numfashinsa ya yi sauri, ko tafin hannunsa ya yi fari, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, kada a jira gari ya waye. Mace mai ciki da ta ga jini, ko fuskarta da hannuwanta suka kumbura, ko ciwon kai mai tsanani ya kama ta, ko ta wuni tana naƙuda har dare, a kai ta nan da nan. Doguwar naƙuda ita take kawo yoyon fitsari, ciwon da yake raba mace da mijinta da jama'arta, kamar matan nan ta Markus sura 5. Ana gyara shi. A Danja kusa da Maraɗi an buɗe asibiti domin wannan ciwo a 2012.

2. Ya yi abin da ya iya da abin da ke jakarsa. Mai da ruwan inabi ya zuba, ya ɗaure raunukan. Naka shi ne ruwan gishiri da sukari ga yaro mai zawo, da gidan sauro kowane dare, da ruwan sha mai tsabta. Da damina ma'aikata sukan zaga gida gida kowane wata da maganin kare yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 daga zazzaɓi. Ka buɗe musu ƙofa, ka ga an shanye na kwana ukun. Allurar rigakafin zazzaɓi sau huɗu ake yin ta, a cika ta, kada kuma a naɗe gidan sauro saboda an yi ta. Rigakafi ya fi magani.

3. Ya ɗora shi a kan jakinsa, shi ya taka da ƙafa. Mutane da yawa a kan hanya suke mutuwa, ko kuwa a gida ana neman abin hawa. Ikkilisiyarku ta zauna tun lafiya lau ta shirya. Amalanken wa za a ɗauka in dare ya yi? Babur ɗin wa? Kwale-kwalen wa, in ruwa ya cika? A ajiye man fetur kwalba biyu a gidan dattijo ɗaya domin wannan kaɗai.

4. Ya biya. Dinari biyu ya ba mai masauki, watau ladan aikin kwana biyu. Ga inda darasin Boboye ya shigo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da kaka, kowane gida ya kawo tiya ɗaya ko mudu ɗaya na gero ko shinkafa, dabam da baikon da aka saba. A zuba a rumbu guda, a kira shi rumbun marasa lafiya. Mutum uku amintattu su riƙe shi, mace ɗaya a cikinsu. A rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta a gaban jama'a kowane wata. Wanda ya warke ya mayar in ya iya, sannu a hankali. Wanda bai iya ba, a yafe masa. A kuma keɓe wani kashi domin baƙon da ba ɗan ikkilisiya ba ne, gama wanda Basamariye ya ɗauka ba ɗan garinsu ba ne.

5. Ya yi alkawari zai komo. Wannan ne mutane suka fi mantawa. Taimakon rana ɗaya yana da daɗi, a ɗauki hoto a watse. Amma mai hawan jini zai sha magani kowace rana har iyakar ransa. Mai tarin fuka zai yi wata 6 yana sha, in ya bari a tsakiya ciwon ya komo da ƙarfi. Wa zai riƙa leƙa shi yana tambaya, ka sha na yau? Zumunta a ƙafa take.

In kuwa Allah ya kawo muku ɗalibai ko likitoci masu son duba mutane kyauta, ku karɓe su da murna. Ku ba su ɗakin majami'a ko ajin makaranta, ku share, ku kawo ruwa da benci, ku sa labule domin mutuncin mata, ku ba su tafinta. Amma ku tambaya da ladabi: wane likita ne yake tare da ku? Kun sanar da shugaban gidan likitan yankinmu? Wanda kuka samu da babban ciwo, wa zai bi sawunsa bayan kun tafi? Masu aikin gaskiya za su ji daɗin tambayoyin nan.

GA IYAYE DA 'YA'YANSU

Kai maigida, watakila cikin yaran da suke kewaye da akushinka akwai likita, ko ungozoma, ko mai ba da magani. Karatun likita dogo ne, shekara 7 ko fiye, ga tsada. Kada ka cire yarinya daga makaranta domin aure alhali tana da kai. Mata da yawa a ƙauyukanmu sun gwammace su yi shiru da ciwo da a ce namiji ya duba su. 'Yarka tana iya zama amsar addu'arsu. Amma ka kula da abin da kake shukawa a zuciyar yaro. In kullum kana ce masa ya yi karatu domin ya hau mota ya gina bene, ranar da ya sami takarda ba za ka ƙara ganinsa a ƙauye ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kai kuma ɗalibi, in takardan nan ta faɗa hannunka, ka tuna da damin geron da aka sayar domin ka. Ma'aikaci ya cancanci ladansa, ba laifi ba ne ka ci abinci daga aikinka. Amma ka keɓe wani yini domin wanda ba zai iya biyanka ba, ka fara tun yanzu, a ƙarƙashin malamanka. Asibitin Galmi da mishan ta SIM ta buɗe a 1950 ya tsaya ne domin waɗansu sun bar ƙasashensu mai nisa sun zo. Kai ƙasarku ce, harshenku ne, ba ka bukatar tafinta.

CIWON DA BABU ASIBITINSA

Yanzu mu koma wurin matan nan. Ranar da ta ji labarin Yesu, ba ta da abin biya. Ta kutsa cikin taro ta bayansa, ta taɓa rigarsa, jinin ya tsaya nan take. Tana so ta sulale ba wanda ya sani, amma Yesu ya tsaya. Yana kan hanyar zuwa gidan Yayirus, babban mutum, shugaban majami'a, duk da haka ya tsaya domin matar da ba ta da ko anini. Ya saurari labarinta duka. Ya kira ta 'yarsa a gaban mutane, ya sallame ta da salama.

Ya mai karatu, akwai ciwon da ke jikin kowane ɗan Adam, mai inshora da mara ita. Sunansa zunubi. Shi ne ya sa firist ya ratse, shi ne ya sa Gehazi ya yi gudu. Yana cikin zuciyata, yana cikin taka. Mutane suna kashe abin hannunsu a kansa, wajen boka da laya da sadakar neman tsari, ciwon kuwa yana nan. Maganinsa yana da tsada, har ba mai iya saye. Yesu Almasihu ya biya da jininsa a kan gicciye, ya tashi daga matattu a rana ta uku, yanzu kuwa yana bayarwa kyauta ga duk wanda ya tuba ya ba da gaskiya gare shi. Ka karanta Ishaya 55:1 da Romawa 6:23. Ba a tambayar takardar ƙasa a ƙofarsa, ba a tambayar kabila.

Ka zo wurinsa? In ba ka zo ba, yau ce ranar. In kuwa ka riga ka zo, ka sha magani kyauta, yaya za ka rufe ƙofarka ga maƙwabcin da yake nishi a bayan danga? Manzo Yakubu ya yi mana faɗa a kan mutumin da yake sallamar mayunwaci da fatar baki (Yakubu 2:14-17). A ranar shari'a kuma Sarki zai lasafta ziyarar da aka kai wa mara lafiya kamar shi aka kai wa (Matiyu 25:31-46).

Kafin Lahadi mai zuwa, ka yi abu biyu. Ka tafi gidan mara lafiya ɗaya wanda ba danginka ba ne, ka zauna, ka tambaye shi abin da ya hana shi zuwa gidan likita. Sa'an nan ka kai maganar rumbun marasa lafiya gaban fasto da dattawan ikkilisiya.

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin Yesu wanda ya tsaya domin matar da kuɗinta ya ƙare. Ka gafarta mana zunubanmu, ka warkar da zukatanmu. Ka buɗe idanunmu mu ga marasa lafiya da baƙi da ke cikinmu. Ka sa albarka ga likitoci da ungozomomi da ɗalibai masu koyo, a Gaya da Malanville da Kamba da ko'ina, ka ba su sani da tausayi da gaskiya. Ka tsare hannuwanmu daga kwaɗayin Gehazi. Ka karɓi ɗan abin da muke da shi, ka riɓaɓɓanya shi domin ɗaukakarka. Cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.

In ka gama karantawa, ka karanta wa iyalinka da dare, sa'an nan ka miƙa wa maƙwabcinka.